Wanda Ya Shaƙe Injin Yankan Ciyawa

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka damƙa mini injin yankan ciyawa ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. A shekarun casa'in ne, lokacin da ake tsananin wahalar mai, ina koyarwa a wata makarantar firamare a cikin birnin Zariya, can jikin ganuwa. Ni ne malamin aikin gona, ni ne kuma mai kula da tsaftar makaranta. Wato duk abin da ya tsiro a filin nan ba da izini ba, ni za a tambaya.

Filin namu babba ne, kuma da ruwa ya sauka sai ciyawa ta taso kamar da gayya. Shekara da shekaru mutum ɗaya ke fama da ita, Baba Ilu mai gadinmu. Dattijo ne siriri marar yawan magana, mutumin wani ƙauye a bakin kogin Galma. Da lauje da adda yake bin filin kaɗan-kaɗan, ya ɗaure ciyawar dami-dami ya kai wa tumakinsa uku da yake kiwo a bayan ɗakin gadi. Kafin ya kai ƙarshen fili, farkon ya sake tsirowa. Ba wanda ya taɓa kuka da hakan, sai ranar da aka kashe maciji a bayan aji uku, iyaye suka tayar da hankali.

Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai a lokacin, Alhaji Tanimu, ɗan kasuwa ne mai yawan zuwa Ikko. Bayan mako biyu sai ga shi da wani abu a bayan mota, nannaɗe a buhu. Sanda ce doguwa ta ƙarfe, a gindinta ɗan inji kamar na ƙaramin babur, a bakinta wani faifai mai zaren roba. In ya tashi, zaren ne ke juyawa yana tsinke ciyawa. A kafaɗa ake rataya shi, kuma fetur yake sha, a haɗa masa da ɗan baƙin mai. Na hannu ne, ba takardar bayani ko ɗaya. Alhaji ya nuna mini yadda ake jan igiya da inda ake matsa wuta, ya ce, “Malam, amana ce na ba ka. A duk birnin nan ban san makarantar da take da irinsa ba.”

Kada ku so ku ga yadda kaina ya kumbura. Na sayi tabarau na masu walda, na samo takalmin ruwa, na riƙa ratsa filin nan ina lilo da sandar hagu da dama kamar wanda aka aiko daga hukuma. Aikin da Baba Ilu ke kwashe wata yana yi, ni kwana uku na gama shi. Mutanen unguwa har kan ganuwa suke hawa suna kallo. (Na yi kamar ban gan su ba, amma duk inda suka fi yawa nan ciyawa ta fi bukatar yanka.)

Abu ɗaya ne: inji ba ya yankan ciyawa yadda lauje ke yi, dagargaza ta yake yi, ba abin da za a ɗaure. A rana ta uku Baba Ilu ya same ni ina goge injin da tsumma.

“Malam, sannu da aiki. Da za a bar mini gefen ganuwar can, saboda dabbobin nan.”

Na ce, “Baba, ai a gefen ganuwar macizan suke. Zamani ya zo, sai haƙuri.”

Ya dubi injin, ya ce, “To, Allah ya sa albarka.” Ya juya ya tafi.

A nan ya kamata in faɗa muku wani hali nawa. Ni mutum ne mai zargi, tun ina yaro. Matata Hajara takan ce ko kaza ce ta kalle ni sau biyu sai na tambayi wanda ya aiko ta. Don haka wannan “Allah ya sa albarka” ban ɗauke ta addu'a ba. Na tafi da ita gida, na juya ta, na sake juya ta, na ajiye.

Sai kuma na fara lura man da ke tankin yana raguwa. Tankin na roba ne fari, ana ganin mai ta jikinsa, ni kuwa kullum in na tashi aiki sai na ja layi da biro daidai inda ya tsaya. Da safe sai in tarar ya ɗan sauka, sito kuma yana warin fetur. A zamanin da mutum ke wuni a layin gidan mai ya dawo da galan ba komai, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Makullin sito kuwa biyu ne kacal, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Baba Ilu.

Ranar wata Juma'a, ranar da za mu tafi hutun tsakiyar zango, na tsuguna na ƙare wa injin kallo. Nan na ga abin da na ɗauka shi ne bakin zaren. A tsakiyar murfin tanki akwai wata 'yar huda, kamar an soka allura, gefenta da danshin mai. Na ce a raina, “Lallai, an iya aiki.” Na tuna yadda direbobi ke toshe tankin da ya fashe da sabulu, don fetur ba ya narkar da shi. Na gutsuro sabulun wanki na cusa a hudar na danne sosai, na kawo filasta daga akwatin magani na manna a kai. Don in gane idan an sake taɓawa, na zaro jan biro ɗin da nake maki da shi, na rattaba hannu a kan filastar, har da ɗan lanƙwasan nan da nake yi a ƙarshe. Na kulle sito na tafi gida ina jin kaina kamar babban ɗan sanda.

Muka dawo bayan mako guda, ciyawa ta kai gwiwa. Man da ke hannuna ya kusa ƙarewa, don haka na biya ta Gyallesu na sayi galan ɗaya wurin 'yan bumburutu. Na duba filasta, tana nan ba a taɓa ba. Na cika tanki, na ja igiya, inji ya tashi a ja ɗaya. Na soma aiki.

Ban yi nisa ba sai na ji muryarsa ta canza. Ya fara tari, in na matsa wuta sai ya yi kamar zai yi kuka, ya ja numfashi, ya ɗan farfaɗo, can sai ya mutu. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami, ko uffan. Na ce bari in ga ko mai ne ya ƙare. Ina murɗa murfi sai na ji wata 'yar ƙara, tsss, kamar an buɗe kwalbar lemo. Mai kuwa yana nan dam. Na rufe, na ja, ya tashi kamar ba abin da ya faru. Na yi taku ashirin ko talatin, ya sake mutuwa.

Wanda na fara zargi shi ne mai sayar da man. Na koma Gyallesu da ragowar galan ɗin, na ce masa a gaban abokansa ya haɗa mini da kananzir. Mutumin bai yi musu da ni ba. Ya karɓi galan, ya tsiyaya a babur ɗinsa, ya zaga har bakin titi ya dawo, ya ce, “Malam, in da kananzir a ciki, to babur ɗina bai ji labari ba.” Ban yarda ba. Na kashe Asabar ɗina guda a layin gidan mai na samo mai na gaskiya, na juye wancan na zuba wannan. Inji ya tashi, ya yi 'yan mintocinsa, ya mutu.

Daga nan na shiga tiyata. Na kwance fulogi na kankare shi da sanfefa. Na ciro soson da ke tace iska na wanke na shanya. Wani ya ce mini zanzaro kan yi gini a cikin salansa, na samo waya na zungura har hannuna ya yi baƙi, ban samu ko ƙurar gininsa ba. Na rage baƙin mai, na ƙara baƙin mai har injin ya riƙa hayaƙi kamar ana gasa masara. Duk a banza. Ciwon bai canza ba: ya tashi lafiya, ya yi aiki kaɗan, ya shaƙe.

Da na rasa yadda zan yi, na ɗaure shi a bayan keke na kai wa wani mai gyaran babur a unguwar Kongo. To, na sha jin labarin bakanike na musanya wa mutum kaya, ya cire mai kyau ya sa tsoho. Saboda haka na tsaya a kansa kamar mai gadin jarrabawa. Duk abin da ya kwance, idona na kai. Murfin tanki ma ni na buɗe da kaina, na jefa a aljihu, don kada ya ɓata a cikin tarkacensa. Ya buɗe kafireto ya wanke da mai ya hura, ya duba wutar fulogi, ya mayar da komai. Na ciro murfi na rufe. Ya ja igiya, inji ya ɗauka, ya matsa wuta sau uku, ya kashe.

“Malam, wannan lafiyarsa lau. Ya fi babura da yawa da ke yawo a garin nan.”

Na koma makaranta da murna. Ban gama yanke gaban ofishin Hedimasta ba ya mutu a hannuna.

A nan ne na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi. Mai na gaskiya ne. Fulogi lafiya. Bakanike ya ce lau. A Kongo inji ya yi aiki, a makaranta ya ƙi. Ke nan ciwon ba a jikin inji yake ba, a makaranta yake. To wa ke kwana a makaranta? Wa ke da makulli? Tumakin wa aka hana ciyawa?

Kamar ya san abin da nake saƙawa, washegari ina tsugune a kan inji ina haki, shi kuma yana tarinsa, sai ga Baba Ilu ya zo wucewa da butarsa. Ya tsaya ya saurara, ya ce, “Malam, abin nan kamar numfashi yake nema.”

Na ɗago na kalle shi. Na ce, “Haka ne, Baba?”

“Haka nake ji. Da ka bari na duba maka.”

Na ce, “A'a, na gode. Kowa ya tsaya a aikinsa.”

Yana ba da baya na ce, to, ga shi ya faɗa da bakinsa. Ina tsoho mai lauje ya san abin da inji ke nema, in ba shi ya hana shi ba? Daga ranar na sa masa ido. Na sayi ƙaramin littafi na riƙa rubuta motsinsa. Ran Talata da safe na zo da wuri na tarar da shi a sito, ya tsuguna ya kara kunnensa a jikin tanki. Ya ce sharar sito ya zo yi. Na rubuta. Ran Laraba na leƙa ɗakin gadi da sunan neman ashana, na hango kwalin sukari a kan taga. Ni kuwa na taɓa jin cewa in aka zuba wa inji sukari a tanki ya gama yawo. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa. Ƙarar tsss ɗin nan kuwa na yanke hukuncin cewa sukarin ne ke tafasa a ciki. (Ina roƙon duk wanda na koya wa kimiyya a shekarun nan ya yafe mini.)

Ran Alhamis ya sake tare ni a bakin ƙofa. “Malam, maganar injin nan, ka dubi...” Ban bari ya ƙarasa ba, na ce ina da aji.

Hajara ce kaɗai ta taka mini burki. Ina cin tuwo ina zayyana mata hujjojina, ta ajiye ludayi ta ce, “Malam, ka gan shi da idonka yana zubawa?”

“Ba sai na gani ba. Alamu sun isa.”

“Sukari dai a gidan nan ma akwai shi. Tsohon nan ya haife ka. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in bai zama ba.”

Na ce mata harkar inji ba ta mata ba ce. Ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a.” Ita ma sai da na ɗan juya maganarta.

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne ranar rabon kyaututtuka ta matso, za a kafa rumfuna a filin, ga manyan baƙi, ga ciyawa ta kusa kai ƙugu. Hedimasta, Malam Bala, mutum mai sanyin hali, ya fara kirana ofis safe da rana. Alhaji Tanimu kuma labari ya kai masa cewa injin da ya ɗauko tun daga Ikko ya mutu a hannun malamin gona, har ya aiko a tambaya ko ban iya ba ne a ba wani. Wannan ta soke ni. Na zauna na rubuta rahoto shafi biyu, da Turanci mai nauyi, na sa sunan Baba Ilu a ciki ƙarara, na ce da gangan yake lalata kayan makaranta saboda tumakinsa.

Malam Bala ya karanta ya cire tabarau. “Malam, ka san abin da wannan takarda take nufi? In ta tabbata, aikinsa ya tafi. Mutumin nan ya riga ni zuwa makarantar nan.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ma ba daɗi na ji ba. Amma zan nuna a gaban kowa.”

A ranar aka karɓi makullin sito daga hannun Baba Ilu. Ni aka aika in karɓo. Ya kwance shi daga igiyar wuyansa ya miƙo mini, bai tambayi dalili ba.

Aka sa zama ran Litinin da hantsi, a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke gaban ofis. Ga Hedimasta, ga Alhaji Tanimu da wasu iyaye biyu, ga malamai a kan benci. Baba Ilu ya zauna a ƙasa a gefe, ya ajiye hularsa a gwiwa. Ni kuwa na sha babbar riga (ina tsammanin ranar tawa ce), littafina a hannu, inji a gabana.

Na yi bayani kamar lauya. Na kawo maganar tumaki, na kawo makulli, na kawo kunnen da aka kara a tanki, na kawo kwalin sukari. Sannan na ce, “Yanzu ku gani da idonku.” Na naɗe hannun riga, na ja igiya, inji ya tashi, na shiga ciyawar da ke kusa. Na ce su jira. Ba a jima ba ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. Na kawo shi gabansu, na ce kowa ya yi shiru, na murɗa murfi a hankali. Tsss.

“Kun ji ko? Wannan ƙarar lafiya ce?”

Alhaji ya girgiza kai. Iyayen nan biyu suka dubi juna. Malam Bala ya juya ya ce, “Baba Ilu, ka ji abin da aka ce. Kana da magana?”

Tsohon ya gyara zama. “Ranka ya daɗe, sukari kam nawa ne. Shayi nake sha da asuba. Tumaki ma nawa ne. Sauran kuwa, in an ba ni izini in taɓa injin, zai fi bakina iya bayani.”

Na buɗe baki zan hana, Alhaji ya ɗaga mini hannu. “Bar shi.”

Baba Ilu ya tashi ya rufe murfin tam, ya ce, “Malam, tashe shi.” Na tashe shi, na riƙe wuta, shi yana tsaye kusa da ni ya sunkuyar da kai yana saurare. Muka tsaya a haka kowa na kallonmu. Da injin ya fara tarin nan nasa, yana shirin mutuwa, sai tsohon ya miƙa yatsu biyu ya ɗan sassauta murfin, ko rabin juyi bai kai ba. Wallahi kamar an watsa wa mai suma ruwa. Inji ya ja wata ƙara ya miƙe, har sandar tana rawa a hannuna. Ya sake ɗaure murfin. Muka jira. Tari ya dawo. Ya sassauta, ya miƙe. Sau uku yana yi, sannan ya ce in kashe.

“Ranka ya daɗe, ni da rani injin ban ruwa nake tayarwa a fadamarmu, ya fi shekara goma. Kowane tanki yana da hanci. In mai yana fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In ba ta samu hanya ba, man sai ya tsaya, inji ya shaƙe. Ƙarar da Malam ya jiyar da ku, iska ce take kutsawa. Wannan injin ba abin da ke damunsa. Wani ne ya toshe masa hanci.”

Da ina da rabo da na yi shiru a nan. Amma ni kalma ɗaya kawai na ji, wato “wani”. Na yi tsalle na ce, “Yauwa! Alhamdu lillahi! Ai abin da nake faɗa ke nan tun farko, da hannun mutum a ciki! Sai a faɗa mana wane ne, kuma duk wanda aka kama kada a duba girmansa!”

Baba Ilu bai kalle ni ba. Ya kwance murfin gaba ɗaya, ya juya shi, ya nuna tsakiyarsa da farce. “Ga hancin nan, a ƙarƙashin wannan farin abin. Akwai rubutu a kai, amma ni ban yi boko ba.” Ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Kun san yadda mutum ke ji in ya taka matakalar da babu ita? Filastar nan kullum da safe sai na duba ta, in ga ba a taɓa ba in ji daɗi. Ita ce mai gadina. Ko sau ɗaya ban taɓa kawo ta cikin waɗanda nake zargi ba.

Alhaji ya nisanta murfin da idonsa, ya matso da shi, ya karkata shi wajen haske. “Jan biro ne,” in ji shi. Ya ƙara dubawa. “Ni kam na san wannan hannun. Shi ne a ƙasan katin sakamakon ɗana, inda aka rubuta ya riƙa mai da hankali.” Ya miƙa wa Hedimasta. Malam Bala ko tabarau bai sa ba. Ya ɓare filastar, ya zaro tsinken sakace daga aljihu ya soka, wani ɗan dunƙulen sabulu ya faɗo a tafin hannunsa. Ya shinshina.

Ina jin kukan tumakin Baba Ilu daga bayan ɗakin gadi. Can wata malama a ƙarshen benci ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta suna rawa, daga nan benci duka ya kama.

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, “Ranka ya daɗe, na ɗauka ɓarawo ne ya huda. Man yana raguwa.”

Baba Ilu ya ce, “Ɓarawon da zai saci mai ta wannan ƙofa, Malam, ai sai ya shekara bai cika cokali ba. Raguwar kuwa, a kwance kake ajiye shi, murfi a ƙasa. Dole ya tsiyaye. Kullum ni nake goge wurin.”

Malam Bala ya ninke rahotona gida huɗu ya sa a aljihu. Ya ce, “Malam, ɗazu ka ce kada a duba girman wanda aka kama. Za mu duba, albarkacin babbar rigar nan. Kawo makulli.” Na ciro na nufi Baba Ilu da shi. Bai miƙo hannu ba. Ya ce, “Ajiye a kan benci, zan ɗauka.” Wannan ta fi dariyar duka zafi.

Bayan la'asar, da makaranta ta watse, na same shi a ƙofar ɗakin gadi yana wasa laujensa. Na cire takalmi na tsuguna. Na ce, “Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah. Gefen ganuwa kuma daga yau naka ne.”

Ya ci gaba da wasa lauje. “Ba ciyawa ce damuwata ba, Malam. Da damina ciyawa ko a bakin hanya akwai ta. Shekara goma sha tara makullin nan yana wuyana, ko alli bai taɓa ɓata ba. Sau biyu na zo in gaya maka abin da ke damun injin. Har kunne na kara don in tabbatar kafin in yi magana, kada in faɗa wa mai ilimi abin da ba haka ba.” Ya gwada kaifin laujen da babban yatsa. “Na yafe. Amma ka ba ni kwana biyu, zafin bai sauka ba.”

Kwana biyun nan sun kai wata uku. Yana amsa gaisuwata, amma a taƙaice. Sai ranar da aka yi mini haihuwa na gan shi a ƙofar gidanmu a Ƙofar Galadima da sassafe, da ƙwaryar ƙwai a hannu, ya zo barka. Hajara ta karɓa ta yi godiya, ta juyo ta yi mini wani kallo, na kuwa gane karatun.

Filin dai na yanke shi tas kafin ranar rabon kyaututtuka, inji bai ƙara ko tari ba. Sai dai har na bar makarantar nan, in famfo ya ƙi ruwa ko ƙararrawa ta ƙi kaɗawa, sai wani malami ya ce da ƙarfi, don in ji, “A duba ko an sa hannu.”

Zan so in ce muku daga ranar na daina zargi, amma hali zanen dutse ne, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na koya bai kai haka ba. In abu ya lalace yanzu, har yau nakan zauna in jera sunayen waɗanda nake tuhuma. Bambancin kawai, nakan fara da tambayar wa ya taɓa shi a ƙarshe da niyyar gyara. Abin haushi, binciken bai cika wuce nan ba.